Hoton finafinan Ali Nuhu, daga zamanin kaset zuwa zamanin waya: tambayoyi da amsoshi

Na daɗe ina zaune gaban kwamfutar tace hoto a wani ɗan ofis da ke titin Gidan Zoo, nan Kano. Yaran da ke zuwa koyon aiki da abokan hira na majalisa, da zarar an ɗauko zancen finafinan Ali Nuhu, tambayoyinsu kusan iri ɗaya ne: me ya sa na dā suke haka, na yanzu kuma suke haka? Na tattara waɗanda aka fi yi mini, na amsa gwargwadon abin da idona ya gani. Labarin fim da iya wasa na bar wa wasu. Ni hoton kansa nake nufi: haske, kala, inda aka kafa kyamara, tufafin da aka sa, da wurin da aka je aka ɗauka.

Malam, me ya sa kullum da Ali Nuhu kake ba mu misali?

Saboda tsawon zangonsa. An haife shi a Maiduguri ranar 15 ga Maris 1974, ya taso tsakanin Jos da Kano, ya yi digirinsa a Jami'ar Jos, ya fara fitowa a fim a 1999 da Abin Sirri Ne. A shekarar ce mujallar Tauraruwa ta laƙaba wa sana'ar fim ɗin Hausa sunan Kannywood, a shekarar ce kuma mujallar Fim ta fara fitowa. Tun daga nan bai taɓa ɓacewa daga allo ba. Ya yi zamanin kaset, ya yi na faifan CD da DVD, ya shiga silima, ga shi a YouTube da Netflix. Idan ka jera finafinansa, fuska ɗaya ce ke tsaye, duk abin da ke kewaye da ita na sauyawa. Kamar tela ne da ke gwada yadi iri-iri a jikin mutum guda: nan da nan za ka gane inda bambancin yake.

Me ya sa hoton finafinansa na farko yake dishi-dishi, kala tana malalowa daga jikin riga?

Laifin kaset ne, kuma ba kaset ɗaya ba. Kaset ɗin bidiyo na VHS layin hoto kusan 240 kawai yake iya riƙewa. Ana ɗaukar fim, a tace shi daga wannan kaset zuwa wancan, a fitar da uwar kaset, sannan a jera akwatunan bidiyo a yi ta kwafa. Kowane kwafi sai ya ci wani abu daga hoton. Kafin kaset ya isa shagon Ƙofar Wambai ko Bata, ya wuce gidan haya, ya zaga gidaje goma sha, jan launi ya riga ya fara zuba gefe, fari ya ƙone, baƙi ya koma toka-toka. Wanda ya yi wayo a lokacin zai tuna yadda ake buɗe bidiyo a goge kansa da farar takarda da ɗan turare, a yi ta murza maɓallin tirakin har layukan nan da ke yawo a ƙasan allo su kwanta.

Amma abin da nake so ku lura da shi ya wuce dushewa. Masu ɗaukar hoton wancan lokaci sun san inda fim ɗinsu zai ƙare: talabijin mai inci 14 a kan teburi a tsakar gida, mata da yara sun cika tabarma, ko gidan kallo inda na bencin ƙarshe ke leƙe ta tsakanin kawuna. A irin wannan allo, idan ka ja kyamara baya don ka nuna fili, jarumin ya zama ƙwayar gero. Dole aka matso da ita, aka cika allon da fuska. Shi ya sa abin da mutane ke tunawa daga finafinan Ali Nuhu na farko shi ne ido, da ɗaga gira, da murmushin gefen baki. Allon ya nemi fuska, shi kuma yana da fuskar da ke aiki a kusa, ba ta buƙatar wage baki ko watsa hannu kafin ka san abin da ke ransa. A ganina wannan na cikin dalilan da suka sa ya yi saurin ficewa cikin tsara.

Faifan CD da ya biyo baya bai ƙara wa hoton tsabta sosai ba, ɗigo 352 a kwance da 288 a tsaye ne kawai. Abin da ya kawo shi ne kwafi na ɗari ya fito daidai da na farko, sai kuma sabuwar matsala: idan faifai ya karce, fuska ta farfashe ta zama 'yan murabba'ai, ta tsaya cak ana tsakiyar magana.

Gaskiya ne daga Indiya aka kwaso komai?

An kwaso da yawa, babu amfanin musu. Kano ta shekara da shekaru tana kallon finafinan Indiya a silimomi irin su Eldorado da Plaza da Orion da Marhaba, daga baya a talabijin da kaset. Wanda ya taso da wannan kallon, ranar da ya riƙe kyamara, abin da idonsa ya saba shi zai fara nema. Waƙa a cikin lambu, sauya kaya sau huɗu ko biyar cikin waƙa ɗaya, zuƙo fuska da sauri lokacin da mummunan labari ya faɗo, jujjuya kyamara tsakanin fuskoki uku idan soyayya ta haɗa mutum uku, duk daga can ne. Finafinan FKD, kamfanin Ali Nuhu, ba su taɓa ɓoye wannan ba.

Sai dai akwai wata jijiya da ba a cika ambata ba, ita ce wasan kwaikwayon talabijin na NTA Kano da CTV. Turmin Danya, wanda ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar a 1990 kuma ake ƙirga shi farkon finafinan bidiyo na Hausa, daga wannan gidan ya fito. Salon shi ne a kafa kyamara wuri ɗaya, mutane su yi sallama su shigo, su zauna, a gaisa, a yi magana, su tashi. Har gobe za ka ga wannan zama a falon finafinanmu. Gaisuwar da baƙon edita zai yanke ya jefar, mu ba ma yanke ta, domin a cikinta ake gane wane ne babba, wa ya durƙusa, wa ya ƙi miƙa hannu.

Sangaya, fim ɗin kamfanin Sarauniya da ya ɗaga sunan Ali Nuhu da Fati Mohammed, ya haɗa jijiyoyin nan biyu. Rawa da waƙa na nan, amma a gidan sarauta aka zaunar da labarin, da tufafin gida. Mutane sun ga abin da suka saba gani a fim ɗin Indiya sanye da kayansu.

Me ya sa kusan duk waƙoƙin dā a cikin ciyayi da bakin ruwa ake yin su?

Dalili biyu. Na farko, Kano wata bakwai ko takwas take yi a bushe, don haka kore a idon Bakano hutu ne, alamar ni'ima ce. Shi ya sa ake ɗibar mutane a bas a tafi Tiga ko Bagauda, ko a shiga Gidan Zoo, in da hali a wuce duwatsun Jos. Na biyu kuma, rana ba ta karɓar kuɗin mai. A waje ba ka buƙatar fitila ko janareto, kuma da yake waƙar an riga an buga ta a situdiyo, jarumai bin baki kawai suke yi, ƙarar iska ko ta mota ba ta ɓata komai. Waƙa ce wurin da mai ɗaukar hoto ke samun sakewa: ya kwanta a ƙasa, ya hau dutse, ya karkata kyamara. Duk wanda ke son ganin gwanintar masu kyamarar wancan zamani, a waƙoƙi zai same ta, kuma da su ake haɗa tallar da ke sayar da fim ɗin.

To cikin ɗaki fa? Me ya sa fuskoki ke naso, bango ya yi ja ko ɗorawa?

Wannan na gan shi da idona sau ba adadi. Falon aro ne, mai gida ya ba da awa uku. An ɗauke wuta. An ja janareto can bayan katanga da doguwar waya don kada ƙararsa ta shiga makirfo. Fitila ɗaya ce, irin mai zafin nan ta halojin da ake haska filin biki da ita, an ɗaure ta a jikin sanda an saita ta kai tsaye a fuskar jarumi. An kashe fanka saboda sauti, an rufe tagogi saboda yara masu leƙe. Cikin minti goma kowa ya jiƙe. Mai kwalliya na tsaye da hoda da hankici, ana cewa a tsaya sai ta ruga ta goge goshi, a ci gaba. Inuwar jarumi kuwa ga ta nan baƙa ƙirin a jikin labule, ta fi shi girma.

Hasken irin wannan fitila ja-ja ne, na taga kuma shuɗi-shuɗi. Idan ba a nuna wa kyamara farar takarda an daidaita mata fari ba, sai ta ruɗe, bango ya yi ɗorawa. Ga kuma matsalar da ta shafe mu musamman: baƙar fata cikin farar shadda. Kyamarar da aka bari tana auna haske da kanta, in ta ga farar riga sai ta tsuke ido, fuska ta nutse cikin duhu. In aka buɗe don fuska ta fito, rigar ta ƙone, aikin wuyan da aka biya kuɗi aka yi ya ɓace. Masu wayo a cikinmu sukan manna takardar azurfa a jikin kwali su karkato da haske ta ƙasan haɓa, ko su juya fitilar ta kalli silin don hasken ya sauko a tausashe. Na taɓa kwana biyu ina fama da wata fitowa da aka fara da rana aka ƙarasa bayan magariba: uba na magana cikin hasken taga, ɗansa na amsa masa cikin hasken fitila, alhali a kujera ɗaya suke zaune. Ban iya haɗa su ba, haka fim ɗin ya fita kasuwa, kuma har yau abin na damuna.

Hukumar tace finafinai ta taɓa shafar yadda hoto yake, ko labari kawai take dubawa?

Ta shafa ƙwarai. Bayan ƙaddamar da Shari'a a Kano a 2000, aka kafa Hukumar Tace Finafinai ta jiha a 2001. A 2007 kuma aka dakatar da ɗaukar fim na wasu watanni, aka tsaurara ƙa'idoji, har masu sana'a da dama suka koma aiki a Kaduna da wasu garuruwa. Idan ka ga finafinan shekarun da suka biyo baya tituna da gidajensu ba su yi kama da Kano ba, dalilin ke nan.

Babbar ƙa'idar da ta zauna a cikin hoto ita ce mace da namiji ba sa taɓa juna, ko da miji da mata suka fito. Wannan tun asali kunyarmu ce, doka ta zo ta ƙarfafa ta. Sakamakon shi ne tazarar da ke tsakanin mutum biyu ta zama abin da ake magana da shi. Miji a wannan gefen kujera, mata a wancan, filo a tsakani. In sun shirya, tazarar ta ragu da taki ɗaya. In an ɓata, ita tana bakin gado ta ba shi baya, shi yana tsaye a bakin ƙofa. Abin da wasu ke nunawa da runguma, mu da kallo muke nuna shi, da miƙa kofin ruwa, da sunkuyar da kai. Ali Nuhu ya ƙware a wannan wasa na tazara, kuma ina ganin duk mai son ya fahimci hoton Kannywood daga nan ya kamata ya fara.

Yaya, ni fa sai in ga kamar ya fi fitowa da kyau a finafinan Kudu. Idona ne?

Ba idonki ba ne, ƙanwata, amma kalmar kyau tana bukatar bayani. A Sitanda na 2006, wanda Izu Ojukwu ya ba da umarni, kuma wanda ya sa Ali Nuhu ya samu kyautar jarumi mai tasowa a gasar finafinan Afirka ta AMAA a 2007, an ba hoto lokaci da kuɗi. Akwai mai kula da haske daban, ana jiran rana ta kai inda ake so, ba a tsoron barin rabin fuska cikin inuwa. A nan gida kuwa furodusa kan ce ya biya kuɗin fuskar jarumi, don haka a haska masa ita gaba ɗaya.

Wanda ya fi ba ni sha'awa shi ne Confusion Na Wa na Kenneth Gyang, wanda ya ci kyautar gwarzon fim a AMAA ta 2013. A ciki Ali Nuhu ƙaramin ma'aikacin ofis ne da duniya ta danne. An cire masa ƙyalli, an bar shi ya zama ɗaya daga cikin mutanen gari. Ranar da na fara kallo sai da na ɗan dakata kafin na yarda shi ne, ba don an sauya masa kama ba, sai don kyamarar ba ta yi masa fadanci ba. Gyang ɗin ne kuma ya yi Blood and Henna a 2012, a kan gwajin maganin sanƙarau da aka yi wa yara a Kano a 1996, inda Ali ya fito da Nafisat Abdullahi. Ɗan Arewa ne ya yi waɗannan biyun, abin da ke nuna cewa maganar ba ta Kudu da Arewa ba ce. Maganar kwana nawa aka ba aiki ce, da kuma wa ke da ta cewa a kan fitila.

Yaushe ne hoton ya waye, har bayan jarumi ya riƙa dushewa shi kuma ya fito tar?

Da zuwan kyamarorin ɗaukar hoton kati masu iya bidiyo. Canon ta fitar da 5D Mark II a 2008, ta biyo da 7D a 2009, bayan 'yan shekaru suka cika lokeshin a nan. Idonsu na ciki babba ne, ana kuma sauya musu gilashi, shi ya sa suke iya kama fuska su narkar da abin da ke bayanta. Hoto ya tashi zuwa ɗigo 1920 a kwance da 1080 a tsaye, allo ya bar siffar akwati ta 4:3 ya koma mai faɗi na 16:9. Faɗin nan ya tilasta wa daraktoci tunanin abin da za su sa a gefe da gefe, wanda a dā babu shi.

Narkar da baya ya yi mana rana, domin yana ɓoye bangon da fentinsa ya ɓare da wayar janareto. Amma an yi ta amfani da shi har ya wuce kima. Na tace finafinan da daga farko har ƙarshe ba za ka san a wane ɗaki ake ba, kuma jarumi na ɗan gyara zama sai hancinsa ya fito tar, idonsa ya dushe.

Buɗe silima a rukunin kantunan Ado Bayero ya ƙara matsa lamba. Mansoor, wanda Ali Nuhu ya ba da umarni a 2017 da Umar M. Shareef da Maryam Yahaya, na cikin finafinan da aka yi da niyyar babban allo: kala mai sheƙi, wurare masu faɗi, kyamara mai tafiya a hankali. Babban allo ba ya rufa asiri. Hodar da ba ta dace da wuya ba, gemun roba, ƙurar da ke kan gilashi, duk sai sun fito. Masu kwalliya da masu shirya ɗaki sun ƙara daraja a wannan lokaci, kuma sun cancanta.

Abu ɗaya ne ke ɓata mini rai a wannan zamani, shi ne yadda ake wanke fata a kwamfuta. Ana zuwa a ce mini in ƙara wa jaruma haske, in goge mata fuska har ta koma kamar roba. Baƙar fata da aka haska da kyau tana ɗaukar launi fiye da yadda mutane ke zato, tana da ja a ciki, tana da ruwan zuma. Abin da take buƙata haske mai taushi daga gefe ne, da ɗan wani a bayan kai da zai raba ta da bango.

Tufafinsa ma ai sun sauya.

Sun sauya, kuma su ma hoto ne. A farko ɗan saurayi ne cikin tishat da wandon jins da baƙin gilashi, musamman a waƙa. Da shekaru suka ja, matsayin da ake ba shi ya koma na miji, na maigida, na uba, sai shadda da hula zanna da babbar riga suka karɓi wuri. Babbar riga tana sauya yadda ake kafa kyamara: tana son a ja baya, a ɗan sauko ƙasa, a bar ta ta cika allo, a ga yadda ake naɗe hannunta a kafaɗa. Saurayi ana bin sa da kyamara, alhaji kuwa kyamara ce ke jiran isowarsa.

Shi jarumi yana da hannu a yadda hoton ke fitowa ne, ko aikin darakta ne?

A ƙa'ida aikin darakta ne da mai ɗaukar hoto da mai haske da edita. Amma Ali Nuhu furodusa ne kuma darakta a FKD, don haka a finafinan gidansa zaɓinsa kake gani. A na wasu kuwa, ko a nan ko a Legas, hoton na masu fim ɗin ne. Kada a jingina masa kowane kyau ko kowane aibi.

Me finafinai masu dogon zango suka yi wa hoton?

Sun dawo da mu kusa da inda muka fara. Kasuwar faifai ta mutu saboda satar fasaha da tura fim ta waya, tashar Arewa24 ta fara aiki a 2014 ta saba wa mutane da shiri mai ci gaba mako-mako, daga baya kowa ya buɗe tasharsa a YouTube, har da FKD da shirinta Alaƙa. Yanzu kyamara tana ɗaukar hoto mai tsabtar da ba mu taɓa mafarki ba, amma mai kallo yana cikin a-daidaita-sahu da waya a tafin hannu, ya rage ingancin hoton don kada datarsa ta ƙare. Allon ya fi talabijin mai inci 14 ƙanƙanta. Sai fuska ta sake cika allo, zama a falo ya dawo, dogon zance ya dawo, domin kowane mako sai an fitar da kashi. Abin da aka ƙara shi ne kyamara mai tashi sama, wadda ke nuna gadoji da rufin gidaje na daƙiƙa biyar kafin a koma kan kujera.

To ina Kano take a cikin hoton?

Wannan ce tambayar da ta fi taɓa ni, kuma ba kasafai ake yi mini ita ba. Sana'ar da sunan Kano ake kiranta, amma idan baƙo ya kalli finafinanmu ɗari, abin da zai sani shi ne falo mai manyan kujeru, get mai maigadi, mota a harabar gida irin na Nassarawa. Ba zai ga lungunan cikin gari ba, inda rana ke faɗowa kamar zare tsakanin katangu biyu. Ba zai ga marinar Ƙofar Mata da hannayen da baba ya rina ba, ko duhun rumfunan Kurmi, ko garin gaba ɗaya daga kan Dala da yamma.

Na san dalilai, domin na sha fita aiki. Ka sauke kyamara a cikin gari da jarumi irin Ali Nuhu, kafin ka kafa ƙafafunta yara ɗari sun kewaye ka, hanya ta toshe, kowa na kallon gilashi yana ɗaga hannu. Ga hon, ga injin markaɗe, ga wanda ba ya son a ɗauki ƙofar gidansa, kuma yana da gaskiyarsa. Gidan da ke da katanga da get ya fi sauƙi nesa ba kusa ba. Ga kuma imanin 'yan kasuwa cewa mai kallo yana son ya ga daula, ya huta da ganin abin da ya baro a gida.

Duk da haka ina ganin asara muke yi. Hasken hunturu na Kano, daga Disamba zuwa Janairu, kyauta ce da masu fim a wasu ƙasashe ke kashe kuɗi su ƙirƙira. Ƙurar da ke sama tana tace rana, inuwa ta yi laushi, jar ƙasa da baƙar fata su fito da wani irin launi mai ɗumi. Da misalin ƙarfe bakwai na safe, mai shayi ya hura wuta, tururi na tashi, 'yan makaranta na wucewa a dunƙule cikin rigunan sanyi. A wannan lokacin taron 'yan kallo ma bai farka ba. Sau nawa ka ga wannan a fim ɗin Hausa? Mu da hunturu ya zo sai mu rufe taga mu kunna fitila.

Ina son in koyi kallon hoto irin yadda kuke yi. Ta ina zan fara?

Ka ɗauki finafinansa uku, ɗaya na zamanin kaset, ɗaya na wajen 2012, ɗaya na yanzu. Ka kashe sauti gaba ɗaya. A kowace fitowa ka tambayi kanka daga ina haske yake zuwa, ka duba ƙwayar idon jarumi za ka ga fitilar a ciki. Ka ƙirga daƙiƙa nawa ake yi kafin a yanka. Ka lura da wanda aka ba tsakiyar allo da wanda aka tura gefe. In ka gane wa ke fushi da wa ba tare da ka ji kalma ɗaya ba, mai kyamarar ya yi aikinsa.

Za a iya gyara tsofaffin finafinan su dawo garau?

Garau irin na yau, a'a. Abin da kaset bai ɗauka ba babu na'urar da za ta dawo da shi, manhajojin da ke cewa suna yi kuwa ƙirƙirar fuska suke, har mutum ya daina kama da kansa. Abin da za a iya shi ne a nemo uwar kaset, a juye ta a kwamfuta da na'ura mai kyau, a daidaita kala, a bar ta a siffarta ta 4:3. Yawancin waɗanda ke yawo a intanet daga kwafin kwafi aka ɗauko su, aka ja su suka cika allo mai faɗi har fuskoki suka baje, aka manna tambari a kai.

An taɓa ceto fim ɗin Hausa. Shaihu Umar, wanda Adamu Halilu ya yi a 1976, an gano faifansa a ajiyar Hukumar Finafinai ta Nijeriya, aka gyara shi da haɗin gwiwar wata cibiya a Jamus, aka nuna shi a bikin finafinai na Balin a 2018. Hukumar nan, mai hedikwata a Jos, ita ce Shugaba Bola Tinubu ya naɗa Ali Nuhu ya shugabanta a Janairun 2024, kuma ma'ajiyar finafinai ta ƙasa a ƙarƙashinta take. Fatana shi ne kaset ɗin Kano na shekarun 1990 da farkon 2000 su ma su samu shiga, domin zaren kaset ba ya jira: zafi na cinye shi, damina na sa masa fumfuna, akwatunan da ke iya kunna shi kuma kullum raguwa suke.

Idan akwai irin waɗannan kaset a gidanku ko a tsohon shagon mahaifinku, kada a zubar. A jera su a tsaye kamar littattafai, a wuri mai sanyi marar laima, nesa da sifika da duk abin da ke da maganaɗisu. Wanda ka ga farin gari-gari ta cikin gilashinsa kada ka saka shi a bidiyo, zai iya tsinkewa ya kuma ɓata kan na'urar. A ware shi daban har a samu wanda ya iya tsabtace zaren. Kwalin ma a adana shi, domin sau da yawa a jikinsa kaɗai sunan mai ɗaukar hoton ya rage.